Madubin Baba Fayil

Shekara talatin da uku Baba Fayil ya yi yana kula da ɗakin ajiyar takardu na ma'aikatarsu, kuma a iya sanin kowa ko falle ɗaya bai taɓa salwanta a hannunsa ba. Abokan aiki ne suka laƙaba masa wannan suna tun yana da baƙin gashi, har ya kai masu kawo wasiƙa da shi suke nemansa. Tagarsa tana rufewa ƙarfe huɗu daidai. An taɓa yin shekarar da ƙanen matarsa ya iso da takarda huɗu da minti biyar, Baba Fayil ya gaishe shi da fara'a, ya tambayi mutanen gida, ya ce masa ya dawo Litinin. Ranar da ya yi ritaya aka ba shi agogon bango da takardar yabo. Agogon ya rataye a falo, takardar kuwa ya huda ta ya saka a fayil.

Daga nan zama ya gagare shi. Yakan tashi da sassafe ya yi wanka ya sa kaya kamar mai shirin ofis, sa'an nan ya tsaya a tsakar gida yana waige-waige, yana neman abin da zai tsara. Cikin wata biyu ya jera kwalaben magani bisa harafi, ya sa wa kowane makulli lamba, ya ware wa hotunan jikoki fayil-fayil. Da ya kai ga kwanukan kicin sai matarsa, wadda unguwa ke kira Sista saboda aikin jinyar da ta yi har ta gaji, ta tare shi a bakin ƙofa.

"Malam, iyakarka nan. Ka je ka nemi abin yi tun kafin in wayi gari da lamba a goshi."

'Yarsu ce ta kawo magani, ko dai abin da ta ɗauka magani ne. Injiniya ce a wani kamfanin sadarwa, tana da gidanta da 'ya'yanta biyu can ƙarshen gari, kuma ita ta ja wa iyayen layin intanet mai ƙarfi, wanda ba sa taɓawa sai in za su ga fuskar jikoki. Wata Asabar ta zo da wani baƙin akwatin ƙarfe a bayan mota, mai nauyin buhun siminti, wanda kamfaninsu ya daina aiki da shi.

"Saba ce, Baba," in ji ta. "Kwamfuta ce da ba a zama a gabanta. Aikinta ta ajiye kaya, ta miƙa wa duk wanda ya nema."

"To, ai ni ke nan."

"Shi ya sa na kawo maka."

Ta zauna ta yi masa bayani dalla-dalla, domin ta san mahaifinta ba ya karɓar magana rabi. Akwai wasu mutane warwatse a duniya, yawancinsu ba su taɓa haɗuwa ba, da ke ƙera manhaja su bayar kyauta, kowa ya ɗauka, kowa ya buɗe cikinta ya ga yadda aka yi ta. Sai dai babban rumbunsu yana da nisa, ɗalibi ko mai shago a nan kusa yakan wuni yana jiran abu ɗaya ya sauka. Don haka suke neman masu sa kai, kowa ya ba da sabarsa da layinsa, ya riƙe kwafi daidai da na babban rumbu, na kusa da shi su ɗauka a wurinsa. Irin wannan saba ita ake ce wa madubi.

"Nawa ne albashin?" Sista ta tambaya daga kicin.

"Ba albashi, Umma. Suna kawai ake sa wa a jeri."

Kalmar jeri ce ta kama Baba Fayil. Ya sa aka nuna masa shi a allon kwamfuta: layi bisa layi, manyan jami'o'i da kamfanoni, jefi-jefi kuma sunan mutum shi kaɗai, kowanne da ɗan ɗigo mai launi a gefensa. Ya daɗe yana kallo, yana shafa haɓa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana rubuta sunayen wasu a rajista, ga shi yau an ce akwai rajistar da za ta ɗauki nasa.

Ya rubuta takardar neman shiga, shafi biyu cur, ya fara da gaisuwa ya rufe da biyayya. Amsa ta zo daga matar da ke kula da jerin, wadda tun daga ranar ya raɗa wa suna Mai Jeri. Layi huɗu ce. Gwaji kwana talatin. Saba za ta riƙa ɗauko sabon kaya duk bayan awa shida. In ta yi awa sha biyu ba ta kammala ɗauka ba ɗigon zai koma rawaya, in ta cika awa ashirin da huɗu ya koma ja. Ja sau ɗaya, gwaji ya rushe.

"Ko gaisuwa babu," in ji Sista da aka karanta mata.

"Ma'aikaciya ce," ya ce, da wata irin girmamawa.

Aka kafa sabar a ƙaramin ɗakin ajiye tarkace, tsakanin tsohon keken ɗinki da katifar baƙi. Injiniya ta haɗa mata batir saboda ɗaukewar wuta, ta kuma cika masa wani littafi da rubutun hannunta: ga yadda ake duba rahoto, ga yadda ake buɗe umarnin ɗauko kaya, ga ma'anar kowace kalma a cikinsa. Ta yi haka ne don ya ji abin nasa ne. Daga baya ta ce da ta sani da ta tsaya a shafi na uku.

Ya manna kalanda a bayan ƙofa ya fara soke kwanaki. Idan a da zama ya gagare shi, yanzu tsayuwa ma ta gagare shi. Ya leƙa ɗigon kafin shayi, ya leƙa bayan shayi. Yana tsaka da magana da maƙwabci sai ya ce a gafarce shi, ya faɗa ciki, ya dawo yana cewa, "Kore ne," kamar wanda aka tambaya. Yakan ɗora tafin hannu a jikin ƙarfen ya ji ɗuminsa, har Sista ta ce ko ita da ta yi jinyar jarirai ba ta auna zazzaɓi haka. Abin da ya fi faranta masa rai shi ne shafin masu ɗauka, inda yake ganin an zo an sauke kaya an tafi. Ba sa gaishe shi, ba sa godiya, ba su ma san da shi ba, abin da ya ce bai bambanta da ofis ba ko kaɗan.

A kwana na biyar ne ya karanta rahoton ɗauko kaya tun daga kai har ƙasa, domin shi ba ya sa ido a takarda ya tsallake layi. Can wajen ƙarshe ya ci karo da abin da ya sa shi cire tabarau ya goge ya mayar. An goge. An goge. An goge. Ya bi da yatsa yana ƙirgawa: fayil ɗari huɗu da sha biyu, a cikin ɗakinsa, a ƙarƙashin kulawarsa, an hallaka su tsakanin shayin safe da wanka.

A ma'aikatarsu ba a ƙona takarda sai an rubuta sunanta a jeri, mutum uku sun sa hannu: mai ajiya, shugaban sashe, da shaida. Shi kansa ya taɓa riƙe wani kwali shekara tara saboda shaida ya tafi hutu bai dawo ba. Yanzu ga wata na'ura tana zubar da kayan jama'a ba tambaya, ba sa hannu, ba ko tari.

Ya yi ta kai da kawo tsakanin falo da ɗakin. Ya ɗauki waya zai kira 'yarsa, ya ajiye, domin ya san abin da za ta ce, kuma ya san sautin da za ta faɗe shi da shi. Sai ya buɗe littafin. A shafi na bakwai ta rubuta, da kyakkyawan rubutunta, cewa wata kalma a cikin umarnin ita ke sa saba ta zubar da duk abin da babban rumbu ya zubar. Ya buɗe umarnin yadda aka koya masa, ya cire kalmar ita kaɗai, ya adana. Sa'an nan ya rubuta a gefen shafin da jan biro: An dakatar har sai an samu izini a rubuce. Ya sa kwanan wata.

Kwana ashirin da ɗaya suka biyo baya, ɗigon yana kore shar, rahoto kuma tas, ba gogewa ko ɗaya. Baba Fayil ya ƙara ƙiba kaɗan. Har ya fara tunanin rubuta wa Mai Jeri shawara a kan gyaran tsarin aikinsu.

Ranar Alhamis, kwana na ashirin da bakwai, ya shiga da kofin shayi a hannu ya tarar da rawaya.

Ya kashe allon ya kunna. Rawaya. Ya duba wayoyi, ya hure ƙura, ya jijjiga batir. Rahoto ya nuna ɗauka ta ƙarshe da ta kammala ita ce ta jiya ƙarfe shida na yamma, biyun da suka biyo baya duk sun tsaya a hanya da magana ɗaya: babu wuri. Ya dubi ɗakin, ya ture katifar baƙi gefe, sa'an nan ya ji kunyar kansa. Ja zai faɗo ƙarfe shida na yamma. Ya fita tsakar gida ya dawo. Ya zauna ya miƙe. Sai ƙarfe goma girman kai ya sake shi ya kira 'yarsa.

"Uwata, kina aiki?"

"Ina wajen gari, Baba, muna jan waya. Lafiya?"

"Lafiya lau. Ɗan launi ne ya sauya."

"Wane launi?"

Ya faɗa mata. Ta ce kada ya taɓa komai, tana zuwa.

Ƙarfe ɗaya da rabi ta iso, takalmanta duk jar ƙasa, ko ruwa ba ta sha ba ta wuce ɗakin. Iyayen suka tsaya a bayanta. Minti biyu tana buga madannai, sai ta tsaya.

"Faifan ajiyar sabar ya cika maƙil. Jiya sun fitar da sabon kaya mai yawa, ba inda za a sa shi. Amma bai kamata ya cika ba, na bar wuri isasshe." Ta ƙara dubawa, ta juyo a hankali. "Baba, wa ya taɓa umarnin nan?"

"Ba taɓawa aka yi ba. Dakatarwa aka yi."

Ya miƙa mata littafin a buɗe, da alamar mutumin da takardunsa suka cika. Ta karanta jan rubutun. Ta rufe ido.

"Baba. Baba! Fayil dubu sha ɗaya da ɗari biyu da arba'in ka tara. Tsofaffi ne, an maye gurbinsu. Wasu ma janye su aka yi don an gano suna da aibu. In wani ya ɗauki irinsu a wurinka fa?"

"Sai a rubuto a sanar da ni. Wa ya sa hannu a kan zubar da su?"

"Ba a sa hannu! Madubi ne. Abin da babban rumbu ke da shi, shi kake da shi. Abin da ya zubar, ka zubar. Aikin ke nan gaba ɗaya."

"Aikin da na sani shi ne a ba ni ajiya, a dawo a tarar."

"Ka ga irinta ko?" Sista ta ce wa bango. "Kwalin firiji na farko yana nan a bayan gida. Firijin ya mutu tun kina firamare."

Injiniya ta dubi agogon hannunta. Ta ce ɗauko sabon kayan zai ci awa uku, ko da ɗan ɗori. Lallai a fara kafin ƙarfe uku. Mayar da kalmar kuwa aikin daƙiƙa biyar ne, ga yatsanta a kan madanni. Da abokin aiki ne da tuni ta danna. Amma mahaifinta ya matso ya tsaya daf da sabar, hannunsa a kanta, fuskarsa irin wadda ta sani tun tana yarinya, ta ranar da wani babba ya aiko a ba shi fayil ba tare da takardar karɓa ba.

"In sun tafi, sun tafi ke nan?" ya tambaya, muryarsa ta yi ƙasa. "Wani ya zauna ya yi su da hannunsa."

Nan ta gane abin da ke damunsa, ta sassauta. Ta ce ba su tafi ba. Akwai wani rumbu dabam, na tarihi, inda ake ajiye duk abin da aka taɓa fitarwa tun farko, kuma akwai masu kula da shi.

"Wa ya gani?"

"Kowa na iya gani."

"Nuna mini."

Ta buɗe. Bai yarda da kallo ba. Ya sa ta fito da sunayen tsofaffin nasa, ya rufe ido ya ɗora yatsa a kan ɗaya, ya ce a nemo shi a can. Aka samu. Ya zaɓi na biyu daga tsakiya, aka samu. Na uku daga ƙarshe. Na huɗu saboda ukun sun zo da sauƙi har sun ba shi shakka. Agogon yabo a falo ya buga biyu da rabi.

"To, madalla," ya ce. "Suna da mai ajiya. A buga jerin."

"Wane jeri kuma?"

"Na abin da za a zubar. Ba zan yi gardama ba, uwata, na yarda a zubar. Amma a bi hanya."

"Baba, shafi ɗari biyu da wani abu ne!"

"A ƙanƙanta rubutun."

Ta dubi mahaifiyarta neman agaji. Sista ta ɗaga kafaɗa. "Shekara arba'in ina fama. Buga masa, ya fi sauri."

Aka ƙanƙanta rubutun har ya koma kamar tururuwa, aka raba shafi gida uku, ya zama shafi talatin da takwas. Firintar gidan tsohuwa ce mai tunani kafin kowane falle. A na sha tara ta cije takarda, Injiniya ta buɗe cikinta tana magana ƙasa-ƙasa da harshen da ba a koya mata a gidan ba. A na talatin farar takarda ta ƙare, Baba Fayil ya ruga ya ciro wasu daga fayil ɗin da ya tanada tun bara saboda irin wannan rana. Shi kansa yanzu gumi yake, yana leƙa agogo, yana jera shafuka, yana buga gefensu a kan keken ɗinki don su daidaita. Ya so ya sa alama a kowane shafi. Sista ta fizge biron.

"Shafin ƙarshe kawai, Malam, ko in sa maka allurar barci. Ina zan sa?"

"Nan. Ke ce shaida. Ita shugabar sashe."

"Yau kuma ni ce shugabarka, Baba?"

"Na wucin gadi."

Suka sa hannu su uku. Ya ce shi zai mayar da kalmar, tunda shi ya cire ta. Ya zauna, ya lalubo haruffan ɗaya bayan ɗaya da yatsa guda, ya danna. Sunaye suka fara gudu a allon, an goge, an goge, da saurin da ido ba ya kamawa. Bai kau da kai ba har suka ƙare. Ƙarfe uku da minti sha huɗu sabon kaya ya fara shigowa.

Sauran yinin a tsaye aka yi shi. Wani ɗan layi a allon yana tsawo kamar ba ya so. Baba Fayil ya hana kowa taɓa waya kada a rage wa layin ƙarfi, duk da 'yarsa ta rantse masa ba ruwan wannan da wancan. Ya je ƙofar gida ya dawo ya fi sau ashirin. Ƙarfe biyar an ci kashi sittin. Shida saura kwata, tamanin da biyar. Ya tambaya ko akwai inda ake matsawa, aka ce babu. Agogon falo ya buga shida da muryarsa mai daɗi, wadda ma'aikata ta zaɓa musamman, ɗigon ya koma ja.

Shida da minti sha bakwai aka kammala. Ya koma kore, kamar ba abin da ya faru.

Washegari ya rubuta wa Mai Jeri takarda shafi uku. Ya bayyana tarihin aikinsa, ya amsa laifinsa ba tare da ya ambaci kalmar laifi ba, ya jawo hankalinta da ladabi ga cewa minti sha bakwai ne kacal cikin kwana ashirin da bakwai, ya haɗa da hoton shafin da aka sa wa hannu. Amsa ta zo kafin ya gama shayi. Injiniya, wadda ta biyo ta ga yadda ya kwana, ita ta karanta a fili.

"Mun gode da bayani. Ja ya nuna, gwaji ya rushe. Kana iya sake farawa daga kwana na ɗaya, in ka bar umarnin yadda yake. Ban taɓa ganin jerin gogewa da sa hannu ba."



"Minti sha bakwai," in ji Sista, tana juya cokali a kofi a natse. "Kai, mutane ba tausayi. Ƙanena dai biyar ya yi."

Baba Fayil ya miƙa hannu. Ya karɓi wayar ya sake karanta saƙon da kansa, yana motsa leɓe. Ya nemi inda ta kauce wa ƙa'ida ko da da taku ɗaya, irin neman da ya saba yi wa takardun wasu, bai samu ba.

"Da a ofishinmu take," ya ce daga ƙarshe, "da ta kai shugabar sashe."

Ya sa aka buga saƙon, ya huda shi, ya saka a fayil tare da shafuka talatin da takwas ɗin. Ya ɓalle kalandar daga bayan ƙofa ya juya sabon wata, ya rubuta ɗaya a kan ranar. Injiniya ta miƙa hannu za ta ɗauke littafin, ya dafe shi. Ya buɗe shafi na bakwai, ya ja layi a kan jan rubutunsa, ya rubuta a ƙasa: An janye dakatarwa. Sa'an nan ya miƙa mata biron ta sa hannu.

Sha biyu saura minti biyar, lokacin da sabar za ta ɗauko na rana ta zubar da abin da za ta zubar, ya sa hula ya nufi ƙofa.

"Ina zuwa kuma da wannan rana?" Sista ta tambaya.

"Zan zaga layin nan in dawo."

"Ba za ka tsaya ka ga ana gogewa ba?"

"Na ba da izini," in ji shi, yana neman makulli mai lamba huɗu. "Ban ce zan kalla ba."